Farin Filogi

Shekara biyu da yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka turo Malam Enoch, malamin dabbobi, aiki Yelwa. Ya taho daga Jos da wani babur mai ƙafa huɗu, da shi yake bin rugagen bakin tafki, daga Shanga har Wara, inda mota ba ta shiga. Duk garin ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma Ɗanladi kaɗai ne bakaniken da ke taɓa shi. In an ajiye shi a garejinsa, har 'yan kabu-kabu kan rage gudu su leƙa, shi kuwa ya ɗaure fuska kamar bai gan su ba.

Sai babur ɗin ya fara ba da wahala. Injin ya yi zafi kamar murhu, in an ja totur ya yi tari ya ƙi gaba. Sau uku Ɗanladi yana wanke kafireto yana sa sabon filogi, duk a banza.

Wata Laraba matarsa Hansatu ta kawo masa abincin rana, ta ce, "Na ga babur ɗin Malam Enoch a bakin ruwa, wajen Ishaya."

Ishaya ƙanenta ne, mai gyaran injin jirgin ruwa, kuma Ɗanladi ne ya fara koya masa riƙon sifana. Ko buɗe kwanon bai yi ba, ya hau nasa babur ya nufi bakin ruwa.

Ya tarar masunta sun yi da'ira. Ishaya ya sa Malam Enoch ya zura da gudu a kan busasshiyar fadama, ya kashe injin ana cikin gudun. Sannan Ishaya ya kwance filogi da tsumma, ya ɗaga shi ga rana.

"Yaya, sannu da zuwa. Duba bakinsa. Mi ka gani?"

"Filogi na gani. Ni na sa shi shekaranjiya."

"Fari fat, kamar toka. Mai ne ba ya isar shi. Can Jos tudu ne, iska ba ta da nauyi, sai aka sa mai ƙaramin jet. Nan ƙasa iska ta fi yawa, man ya yi kaɗan."

Jet wata 'yar ƙusar tagulla ce mai huji a cikin kafireto, ita ke auna man da ke wucewa. Sau uku tana shiga hannun Ɗanladi, ya hura ta ya mayar. Malam Enoch ya dafa kafaɗar Ishaya yana dariya, masunta suna ta "Kai, Ishaya!" Ɗanladi ya kau da kai.

"Sai dai ba ni da babba," in ji Ishaya. "Yaya, gwangwaninka na jet fa?"

Ɗanladi ya koma gareji ya zazzage gwangwanin a kan benci. Da ya ji bayanin, ya san wanda zai dace, yana ma kallonsa. Ya ture shi gefe ya ɗauki mafi girma duka. Bari babur ya shaƙe da mai, a ga iyakar ilimin.

Aka ɗaura, aka sake zurawa. Babur ya dawo yana aman baƙin hayaƙi. Daɗi ya ratsa Ɗanladi har tafin ƙafa. Ishaya ya kwance filogi, ga shi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, wannan ya yi yawa. Akwai na tsakiya a gwangwanin, na sha ganin shi."

Bai bari kowa ya ji ba, abin da ya fi ƙona Ɗanladi ke nan. Ya koma gareji ya ɗauko. A gudu na uku filogi ya fito da launin ƙuli-ƙuli, injin yana kiɗa sumul.

"Ku biyun nan, Allah Ya haɗa ku," in ji Malam Enoch. "Ɗaya ido, ɗaya kayan aiki."

Ɗanladi ya yi yaƙe. Kayan aiki!

Daga ranar, facin taya da birki ne ke zuwa garejinsa, injin kuwa sai bakin ruwa. Ya koma duk filogin da ya kwance sai ya juya wa mutane baya ya leƙa bakinsa, amma ko sau ɗaya bai tambayi Ishaya komai ba. Da Kirsimeti Hansatu ta shirya zuwa gidansu, inda Ishaya ma zai je, ya ce aiki ya yi masa yawa, ya ba ta zakara ta kai wa Innarta.