Famfon Ɗaki na Biyar

Masaukinmu ɗaki bakwai ne, huɗu a ƙasa, uku a sama. Matata ce ta riƙe shi shekara ashirin da uku. Ni aikina zama a bayan kantar karɓar baƙi da littafi, in baƙo ya shigo in ɗaga kai in kira ta. Sai da ta rasu aka gano ban san ko inda ake ajiye sabulu ba.

'Yata, wadda ke aiki a wani birni mai nisa, ta zo hutun kwana goma ta ce za ta sauƙaƙa mini rayuwa. Na sha ganin mutanen da aka sauƙaƙa wa rayuwa, don haka ban yi murna ba, amma ban hana ta ba. Ta sa aka cire makullan ƙofofi aka sa masu lambobi. A bakin ƙofar shiga ta manna wani ɗan zane baƙi-baƙi, kamar inda ƙudaje suka yi taro suka watse. Baƙo zai haska shi da wayarsa, manhaja ta buɗe, ta yi masa maraba, ta ba shi lambar ƙofarsa, ta gaya masa lokacin karin kumallo da inda kantin magani yake. Ba sai ya ga fuskar kowa ba. Ta ce baƙin yanzu haka suke so. Ta ƙara da cewa, cikin ladabi, fuskata ba ta cikin abubuwan da ke jawo baƙi.

Aiki ɗaya ta bar mini. Marigayiya tana da ɗabi'ar manna takardu a ɗakuna, da rubutun hannunta, kowane ɗaki da nasa. A na biyu: a ɗaga taga kafin a tura. A na uku: lamba biyu ta fanka ta fi lamba uku gudu, kada a yi mamaki. A na bakwai: maƙwabci yana da zakara, ba mu da iko a kansa. 'Yata ta ce takardun sun yi dauɗa, kuma ba sa kyau a hoto. In kwashe abin da ke cikinsu in shigar a manhajar, sannan a ɓamɓare su. Ta ce ai ni ne mai karatun gidan.

Na zauna na yi aikin da zuciya ɗaya. Na rubuta gabatarwa mai shafi biyu a kan tarihin titinmu da asalin karɓar baƙi, wadda har yau nake ganin ba laifi. Na shigar da taga, na shigar da fanka, na shigar da zakara. Sai na zo kan ta ɗaki na biyar, wadda ke manne a bangon banɗaki, saman famfo:

"Baƙonmu, a wannan ɗakin shuɗi ne ruwan zafi, ja ne na sanyi. A yi hankali, yana da zafi ƙwarai. Maigida ya ce zai sa a gyara."

Takardar ta shekara tara a wurin. Sau uku tana sake rubuta ta in ta jiƙe, kuma ko sau ɗaya ba ta manta da jimlar ƙarshe ba. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan famfon ba. Ta dai rubuta, ta bar baƙi su karanta, ɗaruruwansu, kowa tsirara yana sanin irin mijin da take da shi.

Na shigar da ita yadda take. Na duba ta a fuskar waya, ba kyau. Na cire jimlar ƙarshe, sai na ga kamar na toshe wa matacciya baki. Daga nan na ce da kaina, to me ya sa za a rubuta gargaɗi a kan abin da za a gyara jibi? In kira mai gyaran famfo, magana ta ƙare. Na goge duka. Na rubuta lambarsa a bayan hannuna, da yamma na wanke hannu.

Wadda ta ɓamɓare takardun ita ce Inna, mai gyaran ɗakuna. Shekara goma sha tara tana tare da mu, ita ta goya 'yata lokacin da uwarta ke fama da baƙi, kuma daga bakin yarinyar kowa ya koyi ce mata Inna, har ni da na girme ta. A da takan ɗaura makullai a ƙugu, kana jin zuwanta tun daga bene. Tun da aka koma lambobi sai ta zama ba ta da sauti, sai dai ka juya ka gan ta. Haka na juya ran nan na gan ta tsaye da takardar ɗaki na biyar a hannu, gefenta ɗaya ya yage.

"Malam, wannan fa? In mayar da ita?"

"Tana cikin waya," na ce, ban ɗaga kai daga littafi ba.

Ta ce ita dai ba ta yarda da abin da ba a manna a bango ba, amma tunda masu ilimi sun ce, shi ke nan. Ta ninke takardar ta sa a aljihun rigar aikinta.

Sati uku ba abin da ya faru. Baƙin da suka kwana a ɗakin manya ne, wataƙila sun ƙona yatsa sun zagi gidan a zuci sun wuce. Ran wata Laraba da hantsi, wata mata da ta sauka da 'yarta mai shekara uku ta tsayar da yarinyar a baho za ta wanke mata ƙafa. Ta murɗa shuɗi, kamar yadda kowane mai hankali zai yi.

Ina ƙasa na ji ƙarar. Kafin in sami takalmina ɗaya, Inna ta riga ta hau, ta tsoma ƙafar a bokitin ruwan sanyi, ta ɗauko yarinyar ta yi asibitin bayan titi da ita, uwar na bin ta ba mayafi. Likita ya ce ba ta yi zurfi ba, amma bayan ƙafar zai bar tabo.

Da suka dawo, matar ta zo gaban kantar ta ajiye wayarta a kan littafina. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita mutum ce mai karanta komai kafin ta taɓa komai. Ta karanta jagoran gidanmu tun a mota, daga farko har ƙarshe. Ta san shekarar da aka shimfiɗa titinmu, ta san akwai zakara. Ta ce in nuna mata inda aka yi maganar famfo. Na ce za a bincika. Ta tattara kayanta ta tafi kafin azahar.

Da la'asar ra'ayinta ya fito a manhajar: tauraro ɗaya cikin biyar, da hoton ƙafar a naɗe. Ba a yi minti goma ba 'yata ta kira. Ta ce ta tuna sarai Mama tana da takarda a banɗakin nan, wa ya cire ta?

Na ce, "Inna ce ta ɓamɓare takardun."

Gaskiya na faɗa, kuma da na faɗa na bar gaskiyar ta yi aikinta. 'Yata ta ce ai ko an ce a cire takardu, mai hankali ya san wadda ba a cirewa. Ta ce dole mutane su ga an ɗauki mataki, in ba haka ba masaukin ya mutu. Ina riƙe da waya, ina kallon bayan hannuna. Na ce ta yi abin da ta ga ya dace.

A ƙarƙashin hoton ta rubuta amsa da sunan gidan: muna ba da haƙuri, ma'aikaciyar da ta cire gargaɗin mun sallame ta. Ba ta ambaci suna ba. Amma ma'aikaciya ɗaya muke da ita, kuma unguwar ba ta da girma.

Washegari Inna ta zo a lokacinta, ta riga ta ji labari. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi ƙafata mai ciwo. Ta ninke rigar aikin ta ajiye a kan kantar, sannan ta zagaya da ni ta nuna mini inda sabulu yake, da inda ake shanya tawul in ana ruwa, da zanen gadon da ba a haɗa shi da farare a wanki. Ina biye da ita ina cewa to, to. Ina jira ta ce, Malam, ai na tambaye ka. Na ma shirya amsa, amsa mai kyau, mai sassa uku. Ba ta ce ba. A bakin ƙofa ta ce a gaida 'yar tata da ta goya in ta kira, ta tafi.

Mai gyaran famfo ya zo ran Juma'a. Minti ashirin ya yi. Yana tattara kayansa ya ce tun marigayiya tana da rai yake jiran wannan kiran, har ya aurar da 'ya'ya biyu a tsakani. Ya yi dariya, na taya shi.

Na yi sati biyu ina gyaran gadaje da kaina, ba kyau, ina gaya wa kaina Inna ta gaji dama, hutu zai yi mata amfani. Mai kantin magani ne ya ɓata mini wannan labarin. Na je sayen maganin ƙafa, yana naɗe mini shi ya ce Inna ta je neman aiki babban otal ɗin kusa da tasha, suna neman shugabar masu gyaran ɗakuna, har an kusa ɗaukarta. Sai manajan ya tambayi inda ta yi aiki, ya buɗe waya, ya juya mata ita. Yanzu tana shagon wanki da guga na bayan kasuwa, tana tsaye daga safe har yamma. Ya ce shi dai abin ya ba shi mamaki, don bai taɓa sanin Inna da sakaci ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce sau biyu a rana, bayan abinci.

Na kira 'yata daga bakin kantin maganin, don na san in na isa gida zan sami dalili. Na gaya mata duka, har da abin da na ce wa Inna.

"Na sani, Baba."

Ta ce manhajar tana ajiye tarihin duk abin da aka shigar da wanda aka goge, da rana da lokaci da sunan mai gogewa. Kwana huɗu bayan abin ta gani. Na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce tana jira ta ga ko ni zan yi. Na ce, Inna fa, ita ma jira aka bar ta tana yi? Ta ce in ta janye amsar, sai ta rubuta wa duniya cewa ubanta ne, kuma ta kasa. Sai ta fara kuka, ni kuma na tsaya a gefen titi da ledar magani, ina lissafin cewa da na yi magana ran farko da mutum ɗaya ne mai laifi a gidanmu.

Shagon wankin ƙarami ne, tururi ya cika shi. Inna na can ciki tana guga, wani mutum mai ƙaton ciki, mai shagon, yana zaune bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Na ce ina son magana da ita. Ya ce in yi a nan, ba a ajiye dutsen guga da zafinsa.

Na fara da gabatarwa. Ta bar ni na yi nisa, tana juya hannun wata riga, sannan ta ce, "Malam, wannan duk na sani. Ina wurin."

Na ce ta dawo, 'yata ma ta ce ta dawo. Ta ce ta gode. Ta ce ba aikin ne ya dame ta ba, jikarta ce ta karanta mata abin a waya, a gaban surukinta, kuma yarinyar ta tsaya a tsakiya ta ce, Kaka, ke ce? Ta ce in ina son yi mata wani abu, in rubuta a inda aka rubuta na farko.

Na ciro waya na rubuta a tsaye. Ta ce in karanta mata. Na karanta: akwai bayani a kan yadda aka yi sauyin tsari, da yadda kuskure ke shiga a lokacin sauyi, da nadamar hukumar gidan.

"Wace ce hukuma?" ta ce.

Mai shagon ya daina tauna gyaɗa. Na goge na sake rubutawa: Ni mai masaukin ni na goge gargaɗin. Ma'aikaciyar ta tambaye ni, na ce mata yana nan. Ba ta da laifi. Ta ce haka ya isa, in tura. Na tura. Ta ɗauki wata rigar.

Manhajar tana nuna yawan waɗanda suka karanta kowane rubutu. Amsar 'yata mutum ɗari huɗu da wani abu. Tawa, zuwa yau, goma sha ɗaya, kuma ina zaton uku daga ciki ni ne. Na je otal ɗin tasha da ƙafata na nuna wa manajan. Ya karanta, ya ce abin a yaba ne, amma sun ɗauki wata tun makon jiya.

Inna ba ta dawo ba. Zannuwan gadon masaukin yanzu shagon nake kai su, da kaina, kowace Litinin, duk da akwai wani mai wanki kusa da mu. Takan gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta tambayi 'yar tata. Sannan ta kwance ƙunshin ta ƙirga zannuwan ɗaya bayan ɗaya a gabana, ta faɗi adadin da ƙarfi, ta jira in ce haka ne kafin ta karɓa.