Dalma a Rigar Jucélia

Gwamnati, da yake ba ta yarda da shaidar ido ba, sau biyu a shekara take sa a ɗora 'ya'yan talakawa a kan sikeli kafin ta ci gaba da ba da tallafin iyali. Seu Aristides bai ga laifinta ba. Shekara arba'in yana kamun kifi a kogin Mearim, bai taɓa ganin wanda ya sayi kifi a ruwa ba.

Shi ba gwamnati yake tsoro ba. 'Yarsa Marinalva yake tsoro, wadda ke aikin share-share a wani otal a birnin São Luís. Tun da ƙanwarta ta rasu ta bar Jucélia, 'yar shekara biyar, a hannun tsohon, Marinalva in ta zo gida littafin awo take nema kafin ruwan sha. A awon da ya wuce lambar ba ta motsa ba. Ta rufe littafin ta ce, "Baba, in na dawo na tarar da haka, da ita zan tafi. Yarinya ba kwalekwale ba ce da za a ɗaure a bakin ruwa a tafi."

Wata shida ya yi yana ɗura mata kifi da garin rogo, wake, ayaba, har da ƙwan kazar maƙwabta da ke kuskuren yi a gidansa. Yarinya na ci kamar gara, amma duk a tsawo yake tafiya. Ya ɗaga ta sama, hannun da bai taɓa kuskuren nauyin kifi ba ya gaya masa abin da ba ya son ji.

Ranar awo da safe ya kwance dalmar tsohon birginsa, ragar da yake jefawa ya kama kifi, ya jera a cikin kalmasar rigarta ta zuwa coci, ya ɗinke tsaf da zaren koma.

A layin ɗakin shan magani shi kaɗai ne namiji, kamar kullum.

"Seu Aristides, cikin wata nawa ne?" in ji Zuleide mai sayar da kwakwa.

"Ki tambayi mijinki, shi ya san lissafin."

Mata suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma hannunsa na riƙe da na yarinyar gam.

Dona Valdirene, malamar asibitin, ta ɗora Jucélia a kan sikeli. Ta duba lambar, ta duba littafin, sannan ta duba ƙafafun yarinyar da suke kamar sillen kara.

"Kilo uku a wata shida. Me kake ba ta, Seu Aristides? Siminti?"

"Kifi ne, Dona. Kifin Mearim akwai albarka."

"Kakana Vô ya sa mini duwatsun birgi a riga," in ji Jucélia, cike da alfahari. "Ya ce don kada iska ta ɗauke ni."

Dona Valdirene ta shafa gindin rigar da yatsa. Ta tashi ta ja labule, abin da matan layi ba su yafe mata ba har yau.

"Cire rigar, 'yar lele, mu gani."

Tsohon ya juya yana kallon wani hoton sauro a bango kamar bai taɓa ganin sauro ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Marinalva za ta tafi da ita. Gidan ba kowa, Dona. Ni da ita ne."

Malamar ta auna yarinyar daga ita sai kamfai, ta tsayar da ita jikin bango ta gwada tsawo.

"Ta ƙaru da rabin kilo da ɗan wani abu. Ba yawa, amma nata ne, kuma ba ta fita daga layin masu lafiya ba. Tsutsar ciki ce ke raba abincin da ita, tana yawo a bakin kogi ba takalmi. Ga magani. Dalmar nan kuma guba ce, ka farke ta yau, kada ta kai baki."

Ta rubuta lambar gaskiya, ta ƙara layi biyu a ƙasa, ta buga hatimi. Seu Aristides bai iya karatu ba.

"Me kika rubuta?"

"Na ce yarinya tana hannu nagari. Kakan ne ya kamata a kawo a duba masa kai."

Ran Lahadi Marinalva ta sauka daga mota, ta karɓi littafin tun daga ƙofa. Ta karanta sau biyu. Labarin dalma kuwa tun a tasha Zuleide ta ba ta shi, har da ƙari. Ta zauna a bakin ƙofa tana dariya, dariyar ta zarce ta koma wani abu dabam, ta share ido da bayan hannu.

"Baba, kai dai ba ka da dama."

"Da ita za ki tafi?"

Marinalva ta miƙe. Ta yago kwali, ta kira Jucélia ta taka, ta zana tafin ƙafarta da biro don awon takalmi, ta ɗan ƙara fili wajen yatsu. Ta ninke kwalin ta sa a jaka. Motar yamma ita kaɗai ta shiga.