Takardar da Na Cike Ni Kaɗai

Da na san abin da takardar nan za ta jawo, da ban cike ta ni kaɗai ba. Makarantar 'yata Zarah da ke Catford, a nan Landan, ce ta aiko tana tambaya ko akwai kwamfuta a gida, in babu a ara mata. Na rubuta akwai. A gidanmu na Zariya, inda na taso, magidanci ba ya rubuta rashinsa ya miƙa wa baƙo.

Ashe duk aikin gida ya koma intanet. Wayar uwarta ta tsufa, sai Zarah ta jira in dawo daga tuƙin bas ta karɓi tawa. Sau uku lokacin miƙa aiki yana wucewa kafin in iso.

"Baban Zarah, sannu da rufin asiri," in ji matata Jamilatu. "Ga shi za a sauke ta daga ajin gwanayen lissafi."

Da tana ƙarama, a kan cinyata take buɗe littafinta. In bi jan biron malama da yatsa, ita kuma ta yi ta dariya idan na yi tuntuɓe a Turanci. Zaman nan nake kewa. Yanzu ko inda zan duba ban sani ba.

Ranar Litinin na je ofishin makarantar, na ce ba mu da kwamfuta. Matar ta ce an gama rabo, amma ta sa sunan Zarah cikin masu jira. Har yau ban sani ba ko za ta samu kafin jarrabawa.