Takalmin Maigida a Bakin Ƙofa

Ranar da ake rabon wayo ina can ƙarshen layi, amma ni a ganina ni ce ta farko.

Da mijina ya rasu, amare suka daina kawo mini ɗinki. Shekara goma sha biyu ina ɗinka kayan aure, rana ɗaya aka ce hannuna ba sa'a. Wata har ta zo ta karɓe yadinta bayan na yanka, tana cewa, "Ba don komai ba, Anti, kin san zuciya." Na sani mana, farar ƙafa take nufi.

Sai na tattara na koma wata unguwa, na kama shago mai ɗaki a baya, na ajiye baƙin takalmin marigayi a bakin ƙofar ɗakin. Kullum da safe in goge shi, in ɗaure igiyarsa tsaf, in jera. Duk wadda ta tambaya sai in rage murya in ce, "Maigida na ciki yana hutawa." Bawan Allah, ko yana raye bai taɓa samun hutu irin wannan ba.

Keken ɗinkina ya tsufa, don haka na sulale ofishin da ke tallafa wa matan da mazansu suka rasu, aka ba ni sabon keke mai lantarki. Sai dai sun manna masa takarda a gaba, da rubutu ɓaro-ɓaro mai faɗin ko ni wace ce. Na ɗinka masa riga mai baza na rufe.

Ana nan wata dattijuwa mai tabarau ta kawo farin leshi, rigar auren 'yarta. Aikin amarya na farko a shekara biyu! In ya fita da kyau, ƙawaye za su biyo. Duk zuwanta sai ta ce, "A gaida maigida." In ce, "Zai ji, ki gaida naki." Ta ce, "Zai ji."

Ranar gwaji, amarya na tsaye a gaban madubi, ina durƙushe da allurai a baki, sai ga jami'in ofishin nan da kyamara a wuya.

"Sannu da aiki, Hajiya! Hoto muka zo ɗauka, mu nuna an daina ɓoye ku."

Kafin in tofar da alluran ya yaye rigar keken. Uwar amarya ta gyara tabarau. Shi kuma idonsa ya faɗa kan takalmin.

"Af, aure kika yi? To barka. Amma fa ƙa'ida ce, wadda ta sake aure sai ta mayar da keken."

Kun ji ramin da na haƙa da hannuna. In ce da miji, keke ya tafi. In ce babu, leshi ya tafi. Na dubi takalmin ko zai cece ni, yana nan yana ƙyalli abinsa.

"Ya rasu," na ce. "Shekara biyu da wata uku."

Ban taɓa faɗin haka da ƙarfi a shagon nan ba. Hawaye suka zubo, kunya ta rufe ni, kuma wallahi kewarsa ce ta fi kunyar yawa. Jami'in ya yi ta ba da haƙuri, ya ɗauki hoton keke ban da ni, ya fice.

Na fara zare alluran daga jikin rigar don in naɗe mata kayanta.

"Me kike yi?" in ji dattijuwar.

"Na san ba za ki so hannuna a kai ba, Mama."

Ta yi tsaki. "Tun ranar farko na sani. Wane namiji ne mai rai zai cire takalmi ya bar igiya a ɗaure? Kuma kullum wuri ɗaya, kamar an dasa."

Na saki baki. Amarya ta sunkuyar da kai.

"Nawa maigidan shekara tara ke nan da rasuwa," ta ce. "A kwance nake barin igiyar, in watsa ɗaya nan ɗaya can, yadda yake yi. Mayar da alluran, 'yata, gefen hagu ya fi tsawo."