Kwalbatin da Kamfanin Tsakuwa Ya Toshe

Shekara goma sha ɗaya Uwar Kaji ta yi tana kiwo a gindin tudun nan, ruwa bai taɓa shiga mata gidan kaji ba. Sai bana, da kamfanin haƙar tsakuwa ya faɗaɗa raminsa, ya jibge ƙasar da ya kwashe a bakin tsohon kwalbatin da ke kai ruwa rafi. Ruwa ya rasa hanyarsa, ya koma gangarowa ta tsakanin gidan kajinta da gidan maƙwabcinta, wani tsohon hedimasta.

Ran nan da yamma ta fito daga ba kaji dusa, ta ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ga Hedimasta yana jera buhunan yashi a jikin katangarsa, ya karkata su yadda duk abin da ya gangaro wajenta zai nufa.

"Baba, wannan fa? Ni za ka juyo wa ruwan?"

Bai ko ɗago kai ba. "'Yata, ɗakin da matata ke kwance ne a bayan katangar nan, kin kuma san ba ta iya tashi. In bangon ya sake jiƙa, faɗuwa zai yi."

"Ni kuma da kaji ɗari huɗu fa?"

"Ba ni na toshe kwalbati ba."

Ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ta ga gaskiya ya faɗa. Ta ɗaure zani tamau, ta haura tudu.

A ƙofar kamfanin tifa uku ne a jere, cike da tsakuwa, suna sauri su fita kafin hanya ta caɓe. Can gefe wani inji yana zuƙo ruwan rami yana zubarwa a bayan tarin ƙasar, har ya taru kamar tafki. Tun ba a fara ruwan sama ba ke nan.

Manaja ya fito daga rumfar kwano, waya a kunne. "Baiwar Allah, kin sake dawowa? Na ce miki takardarku tana ofis, injiniya zai zo ya duba."

"Wata biyu ke nan yana zuwa. Da rarrafe ya taho ne?"

Direbobi suka tuntsire da dariya, manaja ya haɗe rai. "Ƙasar nan a filinmu take."

"Ƙasa a filinku, ruwa a nawa."

Ta je tsakiyar ƙofa ta zauna daɓas a gaban tifar farko. Aka yi ta danna mata hon, ko gezau. Iska ta taso, yayyafi ya fara dukan kwano.

Ƙanenta ne ke tuƙa katafilar kamfanin, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya yi shekara biyu yana zaman banza kafin ya samu aikin. Ya diro ya zo ya durƙusa kusa da ita.

"Yaya, don Allah ki tashi. So kike a kore ni?"

"Ban ce ka yi komai ba. Koma bakin aikinka."

Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya waiwaya, ya ga jan ruwa ya fara tsallake tarin ƙasar yana gangarawa wajen gidaje. Ya tsaya jim, ya share fuska da tafin hannu, ya koma ya hau katafila.

"In ka taɓa ƙasar nan, ka ajiye mini makulli!" in ji manaja, yana bin sa da gudu.

Bai saurare shi ba. Ya kafa haƙoran katafila a ƙasar, ya ɗiba ya watsar, ya sake ɗiba. A karo na biyar bakin kwalbati ya bayyana, ruwa ya afka ciki da ƙugi.

Uwar Kaji ta gangara a guje, tana zamewa tana tashi. Ta tarar ruwa ya kai idon sawu a gidan kaji. Hedimasta na ciki, ya naɗe wando har gwiwa, yana kama kaji yana ɗorawa a kan katako.

"Baba, Mama fa?"

"Bango ya tsaya. Kamo waccan, za ta nutse!"

Da ruwa ya tsagaita suka fitar da matattu, talatin da bakwai. Ta zauna a kan bokiti tana kallonsu.

Kafin rana ta faɗi ƙanenta ya shigo a ƙasa, jiƙe sharkaf, an karɓe makullin. Ta kasa haɗa ido da shi, sai ta miƙa masa tawul.

Hedimasta ya goge gilashinsa, ya ce a kawo masa biro da takarda, wannan karon kotu zai rubuta wa. Ya dubi ƙanen nata.

"Ɗana, wa ya zuba ƙasar nan a bakin kwalbati tun farko?"

"Ni ne, Baba. Manaja ya sa ni."

"Za ka faɗi haka a gaban alƙali?"

Ya daɗe yana kallon kajin da ke zube a ƙasa. "Zan faɗa. Rubuta."