Buhun Littattafan Yahuza

Tun da muka baro ƙauyenmu Tafoki muka dawo cikin Faskari, ƙanena Yahuza ya daina magana. Shekararsa goma sha shida. In ka kira shi zai ɗago kai, amma ba ya amsawa. Ya je makaranta, ya dawo, ya zauna bayan ɗaki da littafi har magariba. Tuwo a gabansa yake hucewa.

Ni na gama sakandare, ina taya wani gyaran waya a bakin titi. Ba na sa baki a harkar gida.

Wata Juma'a Kawu Badamasi, yayan Inna, ya zo daga Sabuwa. Ya tsaya ya kalli Yahuza, sannan ya koma wurin Baba.

"Alhaji, wai ba ka gani ne? Karatu ya taɓa mashi kai. Mun ga irinsa. Yaro ya yi ta cusa boko har ya koma gaida turmi."

"To mi za a yi?" in ji Baba.

"A raba shi da takardun nan. Ya kama fartanya, jini ya zagaya."

Baba ya zuba littattafan a buhun taki, ya kulle a ɗakin hatsi. Makarantar ma aka ce ya huta. Aka karɓo rubutu wurin malam. Yahuza ya shanye.

Abin bai yi sauƙi ba. Ya ƙara ramewa. A gonar aron da muke nomawa, da mashin ya gifta sai ya kwanta tsakanin kunyoyin shuka, hannuwa a kan kunne. Inna ta fara kuka a madafa.

Wata safiya zan tafi aiki, na hango shi tsugune bayan mai ƙosai. Yana tsintar takardun da aka yar, yana miƙar da su a kan gwiwa. Duk mai ya jiƙa su. Na tsuguna kusa da shi.

"Mi ke ciki?"

Ya ƙara shafe takardar, sannan ya ce, "Rabi ne. An yage sauran."

Muryar kamar ta wani. Na matsa kusa a hankali, kada in kore ta.

"Yaya, in ina karatu ba na jin su."

"Su wa?"

"Mashinan."

Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu, a kan mashina suka zo. Mu sauran 'yan gida mun gudu tare. Shi yana gona shi kaɗai, ya kwanta cikin dawa har suka tafi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya ji. Ya fito ba rauni, aka yi hamdala, aka wuce wurin.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure, na faɗa masa yadda muka yi.

"Badamasi ya ce karatun ne."

"Kawu ba a gidan nan yake kwana ba, Baba."

Ya harare ni. Ya ja carbi kaɗan.

"Abin da ban yarda da shi ba, karatun shiru. Mutum ya ƙura wa takarda ido, baki a rufe, ba ka san da wa yake zance ba. Mu a allo da ƙarfi muke yi, kowa na ji." Ya ciro makulli ya jefo mini. "Ya karanta. Amma a gabana, in ji da kunnena. Kuma ya mayar mini Hausa."

Na yi zaton Yahuza zai ƙi. Ya tsaya a kan buhun yana kallo. Daga baya ya zaro littafin aikin gona, ya zauna a bakin tabarmar Baba.

Layin farko bai fita ba. Ya sake. Turanci a hankali, sannan Hausa, yana yi yana tsayawa. Batun tazarar shukar masara ne.

"Tsaya," in ji Baba. "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa riƙe fartanya kuwa? Wannan tazara ai ciyawa zai noma."

Yahuza ya ce, "Sun ce don iska ta…"

"Iska! A birni yake zaune, wallahi."

"Baba, bari in ƙarasa mana."

Baba ya gyara zama.

"To, ƙarasa."

Na bar su a nan, na koma bakin titi.