Mai Tsaron Ban Ɗaki a Baje Kolin 58

"Mahaifiyata tana cikin 'yan matan da suka tarbi manyan baƙi a baje kolin 1958," in ji Ghislaine, tana yi wa wakilin magajin gari murmushi. Ya kawo furannin da hukuma ke bai wa duk wanda ya cika shekara ɗari.

"Ƙarya take yi, ranka ya daɗe," tsohuwa Philomène ta katse 'yarta daga kan kujera. "Ban ɗaki na tsare. Wata shida cur ina bakin ƙofa da ɗan farantina, kowa ya fito ya jefa sulalla. Ministoci, 'yan Rasha, 'yan Amurka, wa ya isa ya ƙi biyowa ta wurina? Duniya ce ta zo Brussels, kuma a gabana ta yi layi tana matse ƙafa."

Wakili ya yi dariya. Ghislaine ta raɗa masa cewa tsufa ne, kan ya fara rikicewa. Maƙwabciyarsu Josée, da ta hawo da kek daga hawa na biyu, ta ji kamar ta kifa mata shi a fuska. Shekara talatin tana shan kofi a ɗakin nan, inda ta taga ake hango ƙwallayen ƙarfen da aka gina don baje kolin duniya na 1958. Ta san babu abin da ya rikice. Tsohuwar tana iya cewa na gode da yare goma sha ɗaya, duk a bakin ƙofar nan ta koya. Da aikin ta ciyar da wannan 'yar da ta auri lauya ta fara jin kunyarsa.

Bayan wata biyu ciwon ƙirji ya kwantar da Philomène. Josée ta kai mata miya, ta kasa sha, amma bakin nan bai mutu ba.

"Ke 'yar nan, kin san halin 'yar tawa. Da na rufe ido za ta ɗaura mini hula ta mai da ni 'yar kwalisa. Kada ki bari a binne wata a madadina."

"Ba zan bari ba, Kaka."

Ranar Talata da safe Philomène ta cika.

A coci aka raba katin tunawa, ga hotonta tana da ƙuruciya, an yanke shi daga kafaɗa don kada rigar aikin ta fito. A ƙasa an rubuta: mai tarbar baƙi, 1958. Limamin cocin ma ya maimaita. Josée ta nemi a ba ta minti ɗaya ta yi magana, Ghislaine ta ce dangi kawai. Haka Josée ta zauna tana murƙushe katin a tafin hannu, ranta na tafasa.

Da aka koma zauren shan kofi bayan binnewa, Josée ta zare farantin da ke ƙarƙashin kofinta, ta ja kujera har bakin ban ɗaki, ta zauna. Mutumin farko da ya fito ko tunani bai yi ba, hannunsa ya tafi aljihu, ya jefa sulalla.

"Philomène ta gode," in ji Josée. "Aikinta ke nan a 58."

Kafin a cinye burodi kowa ya ji. Ghislaine ta iso fuska a murtuke.

"Me kike nufi da wannan? Tashi."

"Shiga za ki yi ko wucewa?"

Ghislaine ta daɗe tsaye tana kallon farantin. Shekararta takwas a lokacin baje kolin, in ta taso makaranta gefen uwar take zama tana ninke tawul. Ta buɗe jaka, ta lalubo sulalla, ta sunkuya ta ajiye shi a hankali, ko ƙara bai yi ba.